Keken tsere na hannu da na saya a Yamai: abin da na gani cikin wata tara

Tun watan Oktoba nake hawan wannan keke, kuma ƴan uwa da dama sun tare ni suna tambaya ko su ma su sayi irinsa, shi ya sa na ga gara in zauna in faɗi abin da na gani. Keken tsere ne na hannu, irin waɗanda ake kawowa daga Turai cikin kwantena. Jikinsa na alminiyom ne, kansa mai lanƙwasa ƙasa, giya biyu a gaba, tara a baya. Jika 140 na kuɗin sefa na biya wani mai shago a nan Yamai, bayan mun kwashe kwana biyu muna ciniki.

Abin da ya sa na saye shi tiriyatlon ne, wato gasar da ake yin iyo, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu, duk a jere babu hutu. A San Diyego ta Amurka aka fara ta a 1974, ta kuma shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000, inda ake yin iyo na mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Mu nan ba ƙwararru ba ne. Akwai malamin makaranta a cikinmu, akwai ma'aikacin asibiti, ni kuma ɗan kasuwa ne. Rabin wancan muke yi: mita 750, kilomita 20, kilomita 5. Ko a wannan gajeren, kusan rabin lokacin mutum a kan keke yake ƙarewa, don haka wanda kekensa ya yi masa nauyi, an gama da shi tun kafin ya sa takalmin gudu. Tsohon kekena na ƙarfe kilo 16 ne. Wannan da na ɗora shi kan ma'aunin mai sayar da hatsi, kilo 10 ya nuna.

Ranar farko da na fita da shi hanyar Kollo bayan sallar asuba, wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhu daga baya. Ka taka sau ɗaya, ya yi ta tafiya. Giyarsa kuma tana shiga tsaf, babu ƙara, babu gardama. Wannan yabon ya cancance shi, kuma har yau bai canza ba.

Matsalar ta fara ne daga taya. Siririya ce, faɗinta milimita 23, an yi ta don kwalta mai santsi. Mu kuwa gefen kwaltarmu yashi ne da tsidau da fasassun kwalabe, ga masu kabu-kabu da ba sa barin mutum ya hau tsakiyar hanya. A watan farko sau bakwai ina faci. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne bakin tiyub ɗin: siriri ne mai ɗan murfin da ake murɗawa, ba irin na babur ba. Wata safiya tayar baya ta sace, na turo keken zuwa wurin mai faci, ya gama aikinsa tas, da ya zo sa iska famfonsa ya ƙi kamawa. Haka na saɓa keken a kafaɗa na tsaya neman mota. Wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu ne ya raba ni da wannan wahala. Ya juya tayar a hannunsa, ya matsa ta da babban yatsa, ya ce, "Ɗana, wannan ba tayar ƙasarmu ba ce. Nemo mai faɗi kaɗan, ka kuma daina cika ta da iska kamar dutse." Na ce, "Baba, ba za ta rage mini gudu ba?" Ya ce in je in gwada tukuna. Na samo mai milimita 28, wadda da ƙyar ta shiga tsakanin birki, ya kuma ba ni wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin tiyub don ya karɓi kowane famfo. Tun daga lokacin faci biyu kacal na yi, gudun ma ban ga ya ragu ba, girgizar da ke tsinka mini hannu kuwa ta yi sauƙi.

Akwai kuskuren da na yi wurin saye wanda ba na so wani ya maimaita. Keken tsere yana da lamba kamar takalmi, kuma ban san haka ba. Nawa 58 ne, tsayina kuwa ya fi dacewa da 54. Mai shagon bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba, kyawunsa kawai na kalla. Sakamakon haka sai na miƙe sosai kafin in kamo birki, bayan kilomita 15 wuya da ƙugu su fara ciwo. Mun sauke sirdi, mun sa guntun wuya, wato ƙarfen da ke riƙe kan keken, abin ya yi dama, amma bai tafi gaba ɗaya ba. Wannan ciwon a wurin gudu yake fitowa, lokacin da mutum ya fi buƙatar bayansa ya miƙe.

Da hunturu ƙura takan cinye sarƙa. Baƙin mai na mota da nake zuba mata da farko yashi yake tarawa, sai ya koma kamar toka yana goge haƙoran giya. Yanzu kowace Juma'a nakan goge ta da tsumma, in ɗiga mai mara kauri kaɗan. Sarƙar giya tara ba a ko'ina ake samunta a gari ba, wannan ma a sani.

A watan Fabrairu muka gwada kanmu, mu goma sha ɗaya. Iyon a wurin ninƙaya na wani otal muka yi shi, mai tsawon mita 25, tsallakawa 30 ke nan. Kogin Kwara yana gabanmu, amma ba ma shigarsa saboda tsargiya da dorina da ƙarfin ruwa. Na fito ina na takwas, jiki na ɗiga, na ɗaura hular kwano kafin in taɓa keken kamar yadda dokar gasar ta ce, na zura takalmi ba safa. A kan hanya na wuce mutum huɗu. Kilomita 20 ɗin a minti 42 na gama, abin da a da yake cin mini minti 55. Da na sauka kuwa ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu tubali, kilomita ɗaya cur ina jan su kafin su dawo daidai. Kowa yana jin wannan idan ya sauka daga keke ya fara gudu, amma ciwon ƙugun nawa na keken da ya fi ni girma ne, shi ya sa mutum biyu suka sake wuce ni. Na shida na zo, kuma na yi farin ciki ƙwarai.

Da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, ƙarfe bakwai da rabi na safe nake komowa gida. Wurin gora ɗaya kawai keken yake da shi, sai da na ƙara na biyu, kuma nakan naɗe gorar da jiƙaƙƙiyar safa don kada ruwan ya yi zafi da wuri.

Idan aka tambaye ni, zan sake sayen keken tsere na hannu, kuɗina bai tafi a banza ba. Sai dai zan tafi da mai gyara ya duba jikin ko akwai tsaga, musamman wurin walda, in hau in ga hannuna ya kai birki ba tare da miƙewa ba, in kuma ware jika 25 tun farko saboda taya da tiyub da ƙaramin famfo. Wannan ɗin zan bar wa ƙanena, wanda ya fi ni tsawo, da zarar na samu mai lamba 54. Ina so in same shi kafin ƙarshen damina, don muna shirin gwada kilomita 40 idan hunturu ya kama, in Allah ya kai mu.