Na canza kayan ƙafar gaba na tsohuwar Benz ɗin Baba, ga yadda ta kaya

Motar nan Mercedes 240D ce ƴar 1983, irin wadda ake kira W123 mai injin dizal silinda huɗu, Baba Allah ya jiƙansa shi ya bar min ita. Injin dai har yau lafiya lau, matsalar ƙasan gaba ne. Duk ramin da na faɗa tsakanin Aboabo da Krofrom a nan Kumasi sai na ji ƙwas ƙwas kamar ana buga tukunya, in na taka birki ta yi sujada ta ja hagu, tayoyin gaba kuma ta ciki suke cinyewa, wajen na nan da zanensa kamar sabo.

Ni a raina shok ne kawai. Na je Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota, wajen wani dattijon fita (makanike) da ya daɗe a kan tsofaffin Benz, ya ɗaga ta a jak ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ya ce "yaro zo ka sa hannu nan". Na sa, na ji abu na motsi. Ya ce bol join ɗin ƙasa, gaɓar da ƙafar taya ke juyawa a kai, shi ne ya tafi, ya zura ƙarfe ya taɓa bushin (robar da ke mahaɗar hannun ƙafa da jikin mota), robar ta zubo kamar gawayi. Na ce Masta a sa shok ɗin tukuna sauran sai ƙarshen wata, ya ce in haka ne in kai wani wuri, shi ba zai ci kuɗina banza ba. Wallahi na ji haushi a lokacin, amma gaskiyarsa.

To aka yi duka. Hannun sama guda biyu (shi bol join ɗin sama a jikinsa yake, ba a cire shi daban), bol join na ƙasa da sai an matse shi da na'ura ya shiga, bushin ɗin hannun ƙasa, robar sandan da ke riƙe ƙafar lokacin birki, taya rod (sandan da ke haɗa sitiyari da taya), ƙaramin shok ɗin sitiyari, sai shok na gas sababbi. Bol join da hannu na kamfanin Lemförder ya sa na nema. Sifirin bamu canza ba, robar da yake zama a kai kawai aka sa mai kauri don gaban ya ɗan tashi, wani abokina na ta zuga ni in yanke sifirin motar ta kwanta ta yi kyau, a hanyoyinmu na Kumasi? Allah ya kiyaye.

Abin da ya fi burge ni yadda ya cire sifirin. Dogo ne kuma a matse yake sosai, ya kori yaran shagon gefe har da mai sayar da ruwa, ya zura abin matsewa ta tsakiyarsa yana juyawa a hankali ba ya ko magana. Sannan bai ɗaure kusoshin bushin gaba ɗaya ba sai da motar ta sauka ta tsaya kan tayoyinta, ya ce in ka ɗaure tana rataye robar a murɗe za ta zauna, ba za ta yi kwana ba ta yage.

Inda na ƙone kuwa laifina ne. Don in rage kuɗi na sayi taya rod hom yus (na hannu da ake shigowa da shi daga waje) a wani shago can ciki, mutumin ya rantse min daga kwantena ya sauka, sati biyu robar ta fashe giris na fita. Na sayi sabo, na sake biyan kuɗin alaimen, wato saita tayoyi. Araha ba ta ado dai.

Bayan an gama na ɗauki hanyar Mampong don in gwada a hawan dutsen nan mai kwana kwana. Da can a wurin sai na riƙe sitiyari da hannu biyu ina salati, motar na tangaɗi kamar kwalekwale, yanzu inda na nuna nan take bi, ƙarar ta ɓace, birki ya daina ja gefe. Amma shok ɗin gas ya ɗan fi na da tauri, ƙananan duwatsu ana jin su a kujera, Hajiya ma ta ce da ta fi laushi (ba laushi ba ne Hajiya, mutuwa shok ɗin ya yi). Kuma ɗan wasan da sitiyarin ke yi a tsakiya bai tafi duka ba, Masta ya ce wannan a akwatin sitiyari yake, aikin wata rana ne, kar in bari wani ya matse kusar sama da yawa don zai ci haƙoran ciki.

Kwana 4 motar ta yi a wajensa maimakon 2 da ya ce, na sha pragya (keke mai ƙafa uku na haya) har na gaji. Bayan sallah zan mai da ita a duba akwatin sitiyarin, in aljihu ya farfaɗo.