Zotero, Mendeley ko EndNote: wanne malamin ilimin halayya zai ɗauka a Maraɗi?

Bara waccan, cikin zafin watan Mayu, ina zaune a gefen juri wata ɗalibata tana kare memuwar ɗinta, wato kundin kammala karatu, a kan fargabar jarrabawa tsakanin ƴan matan kwaleji. Ni na bi aikin tun daga shafin farko. Shugaban juri, wani dattijo da aka gayyato daga Yamai, ya juya kai tsaye can ƙarshen kundin inda aka jera madogara, ya ɗora yatsa a kan wani layi, ya ciro wayarsa yana danna lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, harafi bayan harafi. Zauren ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Da ya ɗago kai ni ya duba, ba yarinyar ba.

"Malam, wannan maƙalar kai ka taɓa karanta ta?"

Babu maƙalar a duniya. Sunan marubucin na gaske ne, mujallar ma akwai ta, amma take da shekara da lambar shafi duk ƙirƙira ce. Daga baya ta faɗa mini cikin kuka cewa wani yaro a siber ne ya haɗa mata jerin a kan jika biyar. Na hau kabu-kabu na koma gida Ali Ɗan Sofo ban ko tsaya cin abincin da iyayenta suka kawo ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Shi ya sa ma'aunina wajen zaɓen manhajar tsara madogara, irin su Zotero da Mendeley da EndNote, bai wuce uku ba: ta nuna mini cewa abin da aka ambata yana nan, ta ajiye mini kwafinsa, kuma ta yi aiki ranar da aka ɗauke wuta, rezo ya bi ta.

Mu masu koyar da ilimin halayyar ɗan Adam ba mu da mafita daga tsarin APA na rubuta madogara, domin na gidanmu ne: ƙungiyar masana wannan fanni ta Amurka ke fitar da shi, kuma tushensa wata gajeriyar maƙala ce ta 1929. Bugu na 7 ya fito a Oktoban 2019, ya sauya abubuwa da har yau wasu abokan aikina ba su lura ba. An daina rubuta garin da aka buga littafi. Idan marubuta sun kai uku, tun ambaton farko a cikin rubutu sunan na farko kaɗai ake sawa a bi shi da "et al.", wato "da sauransu", amma a jerin ƙarshe ana kawo har sunaye 20. Shafin intanet kuwa tambaya huɗu yake amsawa: wa ya rubuta, yaushe, mene ne takensa, ina yake. In babu kwanan wata, mai rubutu da Faransanci ya sa "s. d.". Ranar da ka buɗe shafin ba a buƙatarta sai ga irin shafin da aka yi shi don ya riƙa canzawa. Saƙon da wani malami ya turo maka ta WhatsApp kuma ba ya shiga jerin ƙarshe, cikin rubutu kawai ake ambatonsa, tunda mai karatu ba shi da hanyar ganinsa.

EndNote manhaja ce mai kyau ga wanda jami'arsa ke biya masa. Kuɗinta ya haura jika ɗari, wadda ake zuba wa mutane kyauta a bakin kasuwa kuwa fasasshiya ce, sau da yawa da ƙwayar cuta a cikinta. Mendeley kyauta ce, tana ba da wurin ajiya giga 2, sai dai tun da kamfanin Elsevier ya saye ta a 2013 take ƙara jingina da asusu da intanet, ni kuwa megata ƙididdigaggiya ce. Ɗan akwatin madogara da ke cikin Word ya isa ga aikin shafi biyar, amma duk ƙaryar da ka rubuta masa zai karɓa ya jera ta tsaf.

Zotero ita ce tawa, ba na ɓoyewa. An fara ta a 2006 a Jami'ar George Mason ta Amurka, ƙungiyar da ba ta neman riba ke riƙe da ita, kuma ba a sayar da ita. Tana zama cikin kwamfutarka ne, duk abin da ka tara yana nan ko babu rezo. A samanta akwai wani ɗan hoto kamar sandar bokaye: ka danna, ka liƙa lambar DOI ko ISBN ta littafi, sai ta je ta ɗauko sunan marubuci da take da mujalla da shafi da kanta. Ran da na fara gwada ta, lambar nan da ta kunyata ni na zuba mata. Ta ɗan yi juyi, ta ce ba ta samu komai ba. Na gwada ta biyu daga kundin yarinyar, sai ta kawo wata maƙala a kan abin da ko kusa bai shafi jarrabawa ba. Aikin minti biyu ke nan, wanda da na san shi da ban sunkuyar da kai gaban dattijon nan ba.

Abu na biyu da ya sa na manne mata shi ne hoton shafi. In ka sa ɗan maɓallinta a Firefox ko Chrome, duk shafin da ka adana sai ta ajiye kwafinsa kamar yadda ka gan shi a ranar. Shafukan ma'aikatu da na ƙungiyoyi suna ɓacewa ba sallama, ka ambaci rahoto yau, bayan wata shida adireshin ya mutu. Da wannan kwafi kana da abin nunawa. Ni har na ƙara da ajiye muhimman shafuka a Wayback Machine, rumbun intanet mai adana kwafin shafuka. Sannan tun 2019 Zotero tana amfani da bayanan Retraction Watch, shafin da ke bibiyar maƙalun da aka janye, in maƙalar da ke rumbunka mujalla ta janye ta, sai jan gargaɗi ya bayyana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a fanninmu. Diederik Stapel, farfesa ne a Holan da asirinsa ya tonu a 2011 cewa shi ke ƙirƙiro alƙaluman bincikensa, an janye maƙalunsa 58, amma kwafinsu na nan suna yawo a intanet, ɗalibi zai iya tsinta ya ambata da zuciya ɗaya.

Zotero tana shiga cikin Word da LibreOffice, tana jin Faransanci, ka zaɓi APA bugu na 7 ta jera maka komai. Aibinta? Wurin ajiyar fayil na kyauta a intanet mega 300 ne kacal, giga 2 kuma dala 20 a shekara, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta nan ba. Ni ban biya ba, duk ƙarshen wata nake kwafe babban fayil ɗinta a kile USB. Kuma in shafin da ka ɗauko bayaninsa a hargitse yake, haka za ta kwaso shi, sunan jarida ya zauna a gurbin marubuci. Sai ka bi da ido ka gyara.

Manhaja rumbu ce kawai, sai ka san gonar da za ka girbo. Ga mai koyarwa da Faransanci, Persée, shafin da ke tara mujallun ilimi, ta fi mini komai: kyauta ce, kuma tsofaffin fitowar mujallar Enfance, wadda Henri Wallon ya kafa a 1948, da L'Année psychologique suna ciki. Cairn na da sababbi, wasu a buɗe wasu sai da kuɗi. Mai jin Ingilishi ya sauke littafin gabatarwa na OpenStax daga Jami'ar Rice, halal ne ka buga ka raba wa aji in ka ambaci mai shi. Nijar kuma tana cikin ƙasashen da shirin Research4Life ke buɗe wa mujallu kyauta, amma makaranta ce ke yin rajista, ba mutum ɗaya ba, don haka ka tambayi mai kula da laburarenku ko akwai lambar shiga.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Tun da ChatGPT, manhajar da ke rubuta maka amsar abin da ka tambaya, ya fito a Nuwamban 2022, jerin madogaran ƙarya ya daina kama da ƙarya. Kyan ɗan maciji ne da shi: waƙafi a wurinsa, shekara cikin baka, sunan masani wanda ka sani. Na'urar tana jera kalmomin da suka saba zuwa tare ne, ba laburare take shiga ba. Yaron siber ba ya gaya wa ɗalibi haka, shi dai a turo kuɗi. Wasu ma sun ƙware, suna cakuɗa na gaske biyar da na bogi biyar, in malami ya gwada na farko ya ga daidai sai ya saki jiki.

Mu malamai ma ba mu tsira ba. Zanen nan mai siffar dala, hawa-hawa, da ke cewa mutum na riƙe kashi 10 na abin da ya karanta, kashi 90 na abin da ya koyar, na gan shi a takardun horon malamai har na gaji, ni kaina na taɓa zana shi a allo. Ana jingina shi ga Edgar Dale, masanin ilimi ɗan Amurka, alhali zanen da Dale ya fitar a 1946 babu lambar kaso ko ɗaya a jikinsa. Haka zantukan hikima da ake liƙa wa hoton Freud ko Piaget a Facebook: in ba a faɗi littafi da shafi ba, kada su shiga darasinka.

Sai mujallun ƴan damfara, masu turo saƙo suna kiranka farfesa tun ba ka zama ba, suna alkawarin buga maƙalarka cikin mako guda in ka biya. Wanda ke haɗa dosiyen CAMES, hukumar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a, ya fi kowa shiga tarkonsu, saboda yana gaggawa. Ka nemi sunan mujallar a DOAJ, jerin tantattun mujallun da ake karantawa kyauta, ka buɗe fitowarta ta baya ka karanta maƙala biyu, ka ga ko mujallar ilimin halayya ce take buga noman wake. Kada kasancewarta a Google Scholar ta ruɗe ka, shi tattarowa yake yi, ba tantancewa ba. Lambar DOI ma shaidar cewa abu yana nan ce kawai, ƴan damfarar su ma suna iya samunta.

A bana duk ɗalibin da zan bi aikinsa, satin farko yana zuwa da kwamfuta, tasa ko ta aro, mu sa Zotero tare, in buɗe mana rukuni ɗaya a cikinta. Madogarar da babu fayil ɗinta ko hoton shafinta a rukunin ba ta shiga kundi. Kafin in sa hannu a takardar izinin sutanans, wato kare kundi gaban juri, kuma, ina zaɓar layi biyar daga tsakiyar jerin, in ce ya buɗe mini su a gabana.