Kafin ka kashe kuɗi kan madogarar launin jiragen yaƙin 1940, karanta wannan

Mai son zana Spitfire ko Hurricane na Birtaniya ko Messerschmitt Bf 109E na Jamus, na farkon Yaƙin Duniya na Biyu, a kwamfuta ko a takarda, ba siffar jirgin ce za ta ba shi wahala ba, launi ne. Masu sayar da madogara kuwa sun yi yawa: littattafan zanen gefen jirgi, tsofaffin hotuna, jadawalin kamfanonin fenti, da littattafai masu fallayen fenti na gaske. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, to ka sayi na ƙarshen nan.

Falle ɗan yanki ne da aka shafa wa ainihin fenti, aka manna a jikin shafi, ba tawadar injin ɗab'i ba. Wanda aka fi dogara da shi a ɓangaren Birtaniya shi ne British Aviation Colours of World War Two, wanda ya fito a 1976 cikin jerin littattafan gidan tarihin RAF, wato rundunar sojan saman Birtaniya. Bayan fallayen Dark Green da Dark Earth da Sky da sauransu, yana ɗauke da umarnin hukuma na lokacin. Na Jamus kuma akwai na kamfanin Monogram na 1980 mai launukan RLM, wato launukan da ma'aikatar jiragen saman Jamus ta lokacin ta ba wa lambobi. Amfanin falle shi ne kana riƙe da abin a hannunka. Ka fita da shi inuwa da hantsi, ka ajiye shi kusa da launin da ka haɗa, ka duba da idonka. Kada ka gwada a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja, domin zai mayar maka da Sky ruwan madara, alhali shi kore-kore ne mai haske. In ka gama ka rufe littafin, rana tana cin fenti.

Sai dai falle ba ya gaya maka wane launi ne a kan wane jirgi a wane wata, shi ya sa takardun umarnin suke da daraja. Ɗauki Spitfire ɗaya a 1940. A watan Afrilu cikinsa rabi baƙi ne ta fiffiken hagu, rabi fari ta dama. A watan Mayu aka ƙara zoben rawaya a tambarin gefe, da ratsin ja da fari da shuɗi a wutsiya. A watan Yuni aka ce a shafe cikin da Sky, amma fentin bai wadata ba, wasu rundunonin suka yi amfani da abin da ya sawwaƙa, wani ya fi kore, wani ya fi shuɗi. Ƙarshen Nuwamba baƙin fiffiken hagu ya dawo, tare da ɗamarar Sky mai faɗin inci 18 gaban wutsiya. Ga kuma tsarin ɓad-da-kama iri biyu, A da B, ɗaya juyin madubin ɗaya, har farkon 1941. Jirgi ɗaya, kamanni huɗu cikin shekara guda. Haka Bf 109E: ya shiga yaƙi da kore biyu masu duhu, RLM 70 da 71, a sanyin 1939 zuwa 1940 aka koma 71 da ruwan tokan 02 tare da ɗaga shuɗin 65 zuwa gefen jiki, daga watan Agusta kuma hancin rawaya ya bayyana.

Littattafan zanen gefe suna da daɗin kallo, amma ra'ayin wani mai zane ne, kuma yawanci kowa daga na gabansa ya kwafa, har da kuskuren. Jadawalin kamfanin fenti talla ce. Lambobin FS 595 da za ka gani a intanet kuwa ma'aunin Amurka ne na 1956, kusantawa kawai suke yi.

Hoton asali shi ne abu na biyu da ya cancanci kuɗinka. Gidan tarihin yaƙi na IWM a Landan da ma'ajiyar Bundesarchiv ta Jamus suna da dubbai, da yawa ana kallonsu kyauta, babban kwafi ne ake saya. Daga hoto za ka ɗauki iyakar launi da launi, girman haruffa, da inda fenti ya ɓare a gindin fiffike saboda takalman matuƙa da makanikai. Amma ka kiyayi fim ɗin da ake kira oto, wanda ba ya ganin ja sosai: a cikinsa rawaya takan fito da duhu, ja ya zama kusan baƙi, shuɗi ya yi haske. Gwajin mai sauƙi ne. Dubi tambarin gefe. In tsakiyarsa, wadda ja ce, ta fi zoben shuɗin duhu, to wannan fim ne, kuma zoben wajen da ka ɗauka baƙi rawaya ne. Mai son zana Hurricane ɗin da suka riƙa bi ta Kano da Maiduguri daga Takoradi zuwa Masar tun Satumbar 1940, ya nemi hoton da ke nuna babbar matatar iskar Vokes a ƙarƙashin hanci, kada ya ari hancin jirgin Ingila.

Yanzu maganar jabu, wadda ita ce ta fi cinye kuɗin mutane. Littattafan falle sun zama na gwanjo, kuma sau da yawa an riga an cire takardar fallayen an sayar daban, a turo maka gangar jiki. Kafin ka biya, ka ce mai sayarwa ya ɗauko maka hoton shafin fallayen a karkace, yadda za ka ga kaurin kowane falle da inuwar gefensa. In ya yi ta kwana-kwana, rabu da shi. In ya iso hannunka, shafa da yatsa, ya kamata ka ji tudu. Sa gilashin ƙara girma: fenti shafe yake bai ɗaya, bugun inji kuwa ɗige-ɗige ne na launi huɗu. Kwafin da aka ɗauka da sikana ake sayarwa a matsayin fayil ba shi da wani amfani wajen launi, kowane allo da yadda zai nuna shi.

Mafi muni su ne hotunan da aka shafa wa launi daga baya, da waɗanda kwamfuta ta ƙirƙiro ɗungurungum, ana tallarsu da sunan hoton launi na 1940. Na gaske akwai su, amma kaɗan ne. Nemi lambar ma'ajiya, ka je shafin ma'ajiyar ka ga ko asalin fari-da-baƙi ne. Duba lambar jirgin ko tana karantuwa, ƙirga ganyen farfela da bututun hayaƙi, duba ko launin ciyawa ya malalo kan taya. Jirgin da aka gyara don baje-koli ma ba hujja ba ne, yawancinsu fentin zamani mai sheƙi ke jikinsu, wani ma Spitfire ne na ƙarshen yaƙi aka sa wa rigar 1940.