Shatner da Nimoy: kyaftin da ake tsokana da mataimakin da ake girmamawa

Malam, ka ce ka fara kallon tsohon shirin talabijin ɗin nan na tafiya sararin samaniya, Star Trek na 1966, ka ga sunan William Shatner ne a gaba kuma shi ne Kirk, kyaftin ɗin kumbon, amma duk inda ka leƙa a intanet tsokanarsa ake yi, alhali Leonard Nimoy, wanda ya fito a Spock, mataimakinsa mai tsinin kunnuwa, ba a ambatonsa sai da girmamawa. Shi ne kake so a faɗa maka wane ne gwanin na gaskiya. To bari in jera maka su kafaɗa da kafaɗa, sai dai ka yi haƙuri, zan fi daɗewa a kan Shatner, don shi ne mai abin faɗa da yawa.

Abin mamaki na farko shi ne kwana huɗu ne kacal tsakaninsu. An haifi Shatner ran 22 ga Maris 1931 a Montreal ta ƙasar Kanada, Nimoy kuma ran 26 ga watan a Boston ta Amurka. Dukansu daga gidajen Yahudawa suka fito, amma tashinsu ba ɗaya ba. Mahaifin Shatner yana da sana'ar ɗinka tufafi ta sayarwa, ɗan ya yi digirin kasuwanci a Jami'ar McGill, daga nan ya hau dandamali yana wasannin Shakespeare a garin Stratford na Kanada. Nimoy kuwa ɗan mai aski ne, iyayensa baƙi ne da suka yi ƙaura daga Yukren. Ya yi soja, ya tuƙa tasi, ya shafe shekara fiye da goma yana fitowa a ƙananan matsayi, yau mugu gobe ɗan daba. Lokacin da aka haɗa su, Shatner ya riga ya ɗauki kansa jarumi, Nimoy kuwa neman aikin da zai wuce mako biyu yake yi.

Nan rigimar ta samo asali. Tashar NBC ba ta so Spock ba tun farko, ta ce kamanninsa na shaiɗan ne, har sai da aka goge tsinin kunnuwan a hoton talla. Shirin na fara fita sai wasiƙun masu kallo suka riƙa zuwa buhu-buhu, mafi yawa kuma da sunan mai kunnuwan. Ka ɗauka an kira ka a matsayin ango, ka zo ka tarar abokin ango ake ta yi wa guɗa. Shatner bai ji daɗi ba, kuma daga baya shi da bakinsa ya amsa cewa ya yi kishi. Har sai da mai shirin, Gene Roddenberry, ya nemi shawarar marubuci Isaac Asimov, wanda ya ce a ɗaure su biyun a matsayin aminai, yadda duk wanda ya tuna ɗaya zai tuna ɗayan.

Yanzu ga salon wasa. Nimoy matsewa yake yi. Spock rabinsa mutum ne rabinsa ɗan duniyar Vulcan, inda nuna fushi ko farin ciki abin kunya ne, saboda haka duk abin da ke cikin zuciyarsa sai dai ka karanta a ɗage gira ɗaya. Shatner kuwa saki yake yi gaba ɗaya. Zai fara jimla, ya tsaya cak a inda babu dalilin tsayawa, sannan ya kwararo sauran kalmomin a guje kamar an biyo shi, hannu a sama, ƙirji a gaba, riga a yage. Wannan tsayawar ce masu barkwanci a Amurka suka shekara hamsin suna kwaikwayo. Amma ni ban yarda da masu cewa bai iya wasa ba. Ka tuna irin talabijin ɗin da ake kallo a wancan zamani, ƙarama, da yawa ma marasa launi, ga duwatsun kwali da dodon roba. In ba a samu wanda ya ɗauki abin da gaske har gumi na keto masa ba, dariya kawai za a yi.

Ga misalin da ya fi nuna maka yadda suka dogara da juna. A wani kashi na zangon farko, an rubuta cewa Spock zai lallaɓo ta baya ya buga wa mugun Kirk (a kashin kyaftin ya rabu biyu, na kirki da mugu) gindin bindiga a ka. Nimoy ya ce wannan aikin 'yan fashi ne, bai dace da mutum mai ilimi irin Spock ba, a bari ya matsa masa wata jijiya tsakanin wuya da kafaɗa. Daraktan bai gane ba, sai Nimoy ya gwada a jikin Shatner. Yana ɗora yatsu, Shatner ya sandare, ya gantsare, ya zube ƙasa kamar buhun gero. Dabarar ta Nimoy ce, amma faɗuwar Shatner ce ta sa aka yarda da ita. Da wani mai kunyar wasa aka gwada wa, da ƙila ba a sake jin labarinta ba.

Ita kuwa gaisuwar nan ta ware yatsu biyu-biyu, Nimoy daga yarintarsa ya ɗauko ta. Yana ƙaramin yaro aka kai shi wurin ibadar Yahudawa a Boston, aka ce kowa ya rufe ido lokacin da malaman za su sa albarka. Yaro da son gani, sai ya saci kallo. Ya hango su sun lulluɓe kai da mayafi, sun miƙo hannuwa, yatsu a rabe a siffar wani harafi na Ibrananci. Shekara kusan talatin bayan nan, a 1967, da aka buƙaci gaisuwar mutanen Vulcan, sai ya fito da ita. Duba wayarka, tana nan cikin emoji.

An dakatar da shirin a 1969 bayan zango uku da kashi 79, kuma daga nan hanyoyinsu suka rabu. Nimoy ya wuce kai tsaye zuwa shirin Mission: Impossible ya yi shekara biyu. Shatner kuwa ruwa ya ƙare wa ɗan kada: aure ya mutu, ga 'ya'ya mata uku, ga babu aiki. A bayan a-kori-kura mai rumfa yake kwana, yana bin ƙananan gidajen wasa gari-gari. Ya sha ba da labarin cewa a cikin motar nan ya kalli saukar 'yan sama jannati a kan wata, a wata 'yar ƙaramar talabijin, shi da ya gama shekara uku yana jagorantar kumbo a idon duniya.

Matsalarsu ɗaya ce daga nan, irin wadda muka sani a nan gida, inda sunan wasa ke haɗiye sunan yanka. Mutum nawa ne suka kira marigayi Rabilu Musa da wani suna in ba Ibro ba? Nimoy ya yi kokawa da abin a fili. A 1975 ya fitar da littafi mai taken da ke cewa shi ba Spock ba ne, masoya suka fusata, suka ɗauka ya raina su. Bayan shekara ashirin ya fitar da wani mai taken da ke cewa shi Spock ne. Tsakanin nan ya koma bayan kyamara, ya ba da umarnin fim na uku da na huɗu na Star Trek, a 1984 da 1986, sannan ya yi Three Men and a Baby, wanda ya fi kowane fim kawo kuɗi a Amurka cikin waɗanda suka fito a 1987. Da Shatner ya ce shi ma sai ya ba da umarni, aka ba shi na biyar a 1989, kuma gaskiya bai yi kyau ba. A wannan fagen babu gardama, Nimoy ya yi masa nisa.

Shatner bai yi kokawa da komai ba. Ya gano cewa dariya ake yi masa, sai ya buɗe shago yana sayar da ita. Tun 1968 ya yi faifai inda ba ya rera waƙa, sai dai ya karanta baitocin da kuka da ihu. A 1978, wurin wani bikin ba da lambar yabo, ya zauna kan kujera cikin baƙar kwat, taba a hannu, yana karanta wata waƙar Elton John kalma-kalma yana busa hayaƙi, can sai ga Shatner na biyu ya bayyana a gefen allo, sai na uku ya fito ya kwance ɗamarar wuya yana rangaji. Har yau ana musu ko da gaske yake ko wasa yake. A 1986 ya fito a wani shirin barkwanci na daren Asabar ya dubi masoyan Star Trek ya ce su bar ɗakunan iyayensu su je su nemi abin yi, shiri ne kawai na talabijin. Wani da ya faɗi haka da an gama da shi. Shi kuwa daga baya ma littafi ya rubuta a kan masoyan da wannan maganar a matsayin take. A 2006 ya sayar da tsakuwar da ta fito daga ƙodarsa dala 25,000, aka ba ƙungiyar gina wa marasa galihu gidaje. Ko fuskar nan fara fat ta makashin fim ɗin Halloween na 1978, fuskar robar Kyaftin Kirk ce aka saya a kanti aka fesa mata fenti aka faɗaɗa idanun.

Kada ka ɗauka Nimoy bai da nasa abin kunyar. Shi ma ya yi wata waƙa a 1967 a kan wani gajeren jarumin tatsuniya, yana rera ta 'yan mata na tsalle kewaye da shi. Bambancin dai shi bai mayar da abin sana'a ba.

Abin da masu tsokanar Shatner ke mantawa shi ne bai taɓa zama ba. Ya yi ɗan sanda a T.J. Hooker daga 1982 zuwa 1986, ya gabatar da Rescue 911 shekara bakwai, ga tallace-tallace, ga kiwon dawaki. Yana da shekara 73 aka ba shi matsayin Denny Crane, tsohon lauya mai cika baki wanda ke faɗin sunansa da kansa kamar kirari, hankalinsa kuma ya fara gushewa. Wato an ɗauki duk abin da ake zarginsa da shi an ɗinka masa riga, ta kuwa zauna masa daram. Ya ci kambun Emmy, lambar yabon talabijin ta Amurka, sau biyu, 2004 da 2005. Nimoy sau uku ana sa sunansa a takarar Emmy saboda Spock, bai ci ba; Shatner ko sau ɗaya ba a sa shi ba saboda Kirk.

Wajen zama da mutane ne girmamawar da ka lura da ita ta fito. A 1973, da za a yi Star Trek na zane, an so a bar abokan wasansu George Takei da Nichelle Nichols a waje don rage kuɗi. Nimoy ya ce in babu su, shi ma babu shi, dole aka ɗauke su. Shatner kuwa abokan aikinsa sun daɗe suna ƙorafin yana janye kyamara zuwa kansa yana rage musu magana. Shi bai ma sani ba, sai da ya je hira da Nichols don littafin tarihinsa, ta ce ya dakata ta faɗa masa abin da ya sa suke jin haushinsa. Shi da Takei har tsufa suna jifan juna da magana a jarida.

Su biyun kuwa sun zama aminai na gaske bayan kishin farko, har Nimoy ya yi masa babban abokin ango a 1997. Amma a shekarun ƙarshe Nimoy ya daina ɗaukar wayarsa, kuma Shatner ya rubuta cewa bai taɓa samun tabbacin dalili ba. Nimoy ya rasu ran 27 ga Fabrairu 2015 da ciwon huhu, sakamakon tabar da ya bari shekara talatin kafin nan. Shatner bai halarci jana'izar ba, yana wurin wani taron tara kuɗin agaji a Florida, ya kuwa sha zagi. A Kanada, ƙasar Shatner fa, mutane suka riƙa ɗaukar biro suna mayar da hoton tsohon firaministan da ke kan takardar dala biyar ya koma Spock.

Shekara shida bayan nan, ran 13 ga Oktoba 2021, Shatner yana da shekara 90 ya shiga kumbon Blue Origin ya yi tafiyar kusan minti goma zuwa sararin samaniya. Kowa ya zaci zai sauko yana cika baki. Sai ya sauko yana hawaye, yana ƙoƙarin bayyana wa Jeff Bezos, mai kamfanin kumbon, abin da ya gani, ana ta fesa giya a bayansa ana shewa. Daga baya ya ce baƙin ciki ne ya kama shi, ya dubi duhun ya ga mutuwa, ya waiwayo ya ga rayuwa duk a wannan 'yar duniyar take.

In ka matsa min, amsata ita ce: Spock ya fi Kirk, kuma Nimoy ne ya gina shi da hannunsa, amma a matsayin ɗan wasa mai cin abinci da fuskarsa shekara saba'in, Shatner ya fi. Kafin ka yanke naka hukuncin, nemi fim na biyu na Star Trek, na 1982. Zan ɓata maka ƙarshensa, ka yafe ni. Daraktan, Nicholas Meyer, ya ce yakan sa Shatner ya maimaita fitowa sau da yawa har ya gaji ya daina nuna bajinta. Spock yana mutuwa a bayan gilashi, ya miƙe da ƙyar, ya ja rigarsa ya gyara don kada kyaftin ya gan shi a yamutse, ya manna tafin hannu a gilashin da yatsu a ware. Sannan ka saurari Kirk wurin jana'iza. Wannan tsayawar tasa da ake yi wa dariya tana nan, daidai kafin kalmar ƙarshe, muryar kuma ta karye a kanta.