Talabijin ɗin Mini-LED da na saya wa Hajiya a Makka

Hajiyarmu tashar Alƙur'ani ta Saudiyya kaɗai take kallo, wadda ke nuna ɗawafi kai tsaye daga Harami, tun asuba har bayan isha'i. Shi ya sa na ƙi talabijin mai allon OLED, wanda kowane ɗigonsa ke ba da hasken kansa, duk da zugar mai shago: abin da ya daɗe a wuri ɗaya, irin tambarin tasha, yakan bar tabo a allon OLED. Na ɗauki LCD mai inci 55, samfurin da ake kira Mini-LED.

Allon LCD ba shi da hasken kansa. Fitila ce a baya, a gabanta kuma wani sinadari mai ruwa-ruwa da aka matse tsakanin gilasai biyu. Wuta na taɓa shi sai ƙwayoyinsa su juya, su ba haske hanya ko su tare shi, sannan hasken ya ratsa matatar ja, kore ko shuɗi. A allon 4K, wato mai fitar da hoto tar sosai, ɗigo sama da miliyan 8 ke wannan aiki. Matsalar tun asali, tarewar ba ta cika, haske sai ya ɗan yoyo. Dalilin ke nan rigar Ka'aba ke fitowa toka-toka a tsohuwar talabijin ɗinmu.

Nan sabuwar ta burge ni. An raba fitilar bayan zuwa ƙananan fitilu rukuni-rukuni, inda hoto ya yi duhu sai rukunin wurin ya rage wuta. Kiswa, wato rigar Ka'aba, ta fito baƙa wuluk, rubutun zinaren jikinta na ƙyalli. Ko da azahar, rana na dukan taga, ba sai an saki labule ba.

Amma fa tana da nata. Allonta nau'in VA ne, sai ka zauna daidai saitinta. Falonmu kuwa zaman majalisa ne, kowa a jingine da bango, wanda ya samu kusurwa kala ya dishe masa. Kawu da ya zo umara daga Kano ya ce wa Hajiya, "Yaya, wannan ai hazo ne a cikinta." Allon IPS, wani nau'in LCD ɗin daban, ya fi kyau daga gefe, sai dai baƙinsa bai kai wannan ba. Da dare kuma, in an kashe fitilar ɗaki, farin rubutu a kan baƙi yakan yi ɗan hayaƙin haske a kewayensa.

Mai niyyar saye, kada ka tsaya a gabanta kawai a shago. Matsa gefe sosai, ka ce a sa maka hoto mai duhu kafin a yi maganar riyal.