Kaya masu wayo da kayan nano: wanne ya dace da aikin fata a Sakkwato?

Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya da dare ƙaninmu ɗan gidan dukawa, mai karatun tsara kayayyaki, ya tambaya mene ne bambancin kayan da ake kira masu wayo da kayan nano, kuma wanne zai sa wa jakunkuna da takalman da yake son fitarwa kasuwa. Ƙanena, ga amsata.

Su biyun ba kishiyoyi ba ne. Na farko halinsa ne ya ba shi suna, na biyu ƙanƙantarsa. Kaya mai wayo shi ne wanda zafi ko haske ko matsi kan taɓa shi ya sauya launi ko siffa da kansa. Kayan nano kuwa ƙwayoyi ne masu girman nanomita 1 zuwa 100. A raba mita gida biliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Silin gashin kai kaurinsa ya kai wajen nanomita 80,000. Idan abu ya ƙanƙance haka sai ɗabi'arsa ta canza, har zinariya ta koma ja.

Duka biyun mun daɗe da su a garin nan. Ka duba kwalbar rigakafin shan inna da ake yawo da ita gida-gida: akwai ɗan murabba'i cikin da'ira a jikin takardarta, wanda ke yin duhu gwargwadon zafin da maganin ya sha. Idan ya yi duhu kamar da'irar, ma'aikaciya ta san ba za a ɗiga wa yaro ba. Tun 1996 ake amfani da shi, kuma Allah kaɗai ya san yaran da ya tsare. Wannan mai wayo ne. Jan layin nan kuma da ke fitowa a gwajin zazzaɓin cizon sauro a kemis, a yawancin irin gwajin ƙwayoyin zinariya ne na nano. Ɗaya yana ba ka labari, ɗaya yana yin aikin da babban abu ba zai iya ba.

A cikin masu wayo, wanda ya fi burge ni shi ne Nitinol, haɗin ƙarfen nikel da titaniyom da aka gano a wani ɗakin binciken sojan ruwan Amurka wajen 1960. Ka lanƙwasa shi, ka ɗumama, ya koma yadda yake. Da shi ake yin wayar gyaran haƙori da firam ɗin tabarau mai jure murɗa. Laitar kunna gas ita ma dangi ce: matsi kan wani ɗan dutse ne ke haifar da tartsatsin, abin da 'yan'uwa biyu Jacques da Pierre Curie suka gano a Faransa a 1880. A ɓangaren nano, baƙin garin da ke ƙarfafa tayar mota yana ciki, haka ƙwayoyin azurfa da ake sa wa safa don kashe ƙwayoyin cuta masu kawo wari.

To, inda nake so ka buɗe ido shi ne yanayinmu. Yawancin kayan nan ba don zafin Afrilu da Mayu na Sakkwato aka tsara su ba, lokacin da awon zafi ke haura digiri 40. Fentin da ke canza launi da ɗumin hannu, da yawansa yana juyawa ne wajen digiri 31. A nan jakar za ta wuni cikin launi guda tun hantsi, kuma rana na saurin kashe irin wannan rini. Tabarau mai duhu a rana ma ba ya yin duhu sosai idan zafi ya tsananta, a cikin mota kuma kusan ba ya canzawa saboda gilashin gaba ya tare hasken da ke motsa shi. Nano ma yana da nasa rauni. Gilashin taga mai wanke kansa, wanda Pilkington na Ingila ya fitar a 2001, yana buƙatar ruwan sama ya kwashe dattin. Mu kuwa sai mu yi wata bakwai ba ɗigo, ga ƙurar hunturu.

Game da fata, ni ina bayan nano. Ka taɓa ganin ruwa a kan ganyen gwaza, yadda yake dunƙulewa ya gangare bai jiƙa shi ba? Ƙananan ƙuraje ne masu wani abu kamar kakin zuma a fuskar ganyen, kuma su ake kwaikwayo a feshin da ke korar ruwa da tabo. Fatar jar akuyarmu ta yi suna har ƙetare saboda laushi da kyan fuska, abin da ke ɓata ta shi ne gumi da ruwan damina da mai. Shafin da zai tsare ta bai toshe ta ba, shi ne mai saye zai gani a wata na shida. Amma gogayya na cinye shi, sai an riƙa sabuntawa, kuma ka faɗa wa mai saye gaskiya. In za ka fesa, ka fita fili, ka sa takunkumi. Shaƙar feshin na cutar da huhu, kada yaran shago su zauna kusa.

Mai wayo kuwa ka ajiye shi sai inda sauyin ke da amfani. Siririyar wayar Nitinol a bakin jaka don kada ya karye zai yi kyau, sai dai tsadarta za ta hau kan farashi.

Kafin ka sayi kowace kwalba mai rubutun nano, ka tambayi mai sayarwa wace ƙwaya ce a ciki. Sannan ka samo yankakkun fata biyu daga wurin Baba, ka fesa wa ɗaya, ka bar su kan rufin kwano mako biyu, ka zuba musu ruwa da man gyaɗa. Ka turo mana hotonsu a nan mu gani tare.