Gargaɗi ga masu sayen manhajar sayar da data da katin waya

'Yan uwa, a yi hattara da masu tallata "kammalalliyar manhajar VTU", wato manhajar sayar da data da katin waya, a Facebook da WhatsApp da Telegram. Salon nasu kusan ɗaya ne. Za su turo maka bidiyo: an shiga manhaja, asusu ya nuna naira 50,000, an danna sayen 1GB, koriyar alama ta fito, kuɗi ya ragu. Ka biya, a turo maka fayil, bayan kwana biyu lambar mai sayarwar ta daina shiga. Akwai masu gaskiya a wannan sana'a, amma bidiyo ba ya raba su da 'yan damfara. Gwaji ne yake rabawa, kuma ba sai ka iya rubuta manhaja kafin ka yi shi ba.

Manhaja irin wannan kashi biyu ce. Akwai ɓangaren da ke aiki a wayar kwastoma ko burauzarsa, akwai kuma uwar garke (server), wato babbar kwamfutar da ke kan intanet, inda rumbun bayanai yake. Duk abin da ka gani a fuskar waya, ragowar kuɗi ne ko farashi ko jerin cinikin da aka yi, kwafi ne aka ɗebo daga uwar garke, kayan aiki irin su Redux ko TanStack Query suka riƙe shi na ɗan lokaci. Kwafin yana hannun kwastoma, kuma duk abin da ke hannun kwastoma yana iya canza shi. Damfarar gaba ɗaya a nan take ɓuya.

Mafi muni shi ne manhajar da ba ta da uwar garke sam. An zuba bayanan ƙarya a fayil ɗin JSON, an sa umarnin jinkiri mai suna setTimeout ya jira daƙiƙa biyu, sai ya rubuta cewa ciniki ya yi. Ka nemi mai sayarwa ya ba ka adireshin gwada manhajar, ka buɗe shi a Chrome a kwamfuta, ka danna F12 don buɗe akwatin binciken burauza, ka shiga shafin Network, sannan ka danna saye. Dole ka ga buƙatar POST, wato saƙon da burauza ke aika wa uwar garke, ta fita zuwa wani adireshi ta dawo da amsa. In ba abin da ya fita, ka riƙe kuɗinka. Masu wayo a cikinsu suna amfani da MSW, wanda kayan gwaji ne na halal, don buƙatar ta bayyana kamar ta gaske. Alamarsa fayil mai suna mockServiceWorker.js. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kashe intanet ka sake danna saye: in ciniki ya yi babu intanet, hoto ake sayar maka. Sannan lambar wayarka za ka sa a gwajin, ka ga datar ta shigo da idonka.

Na biyu ya fi wuyar ganewa, domin datar tana shigowa da gaske, amma lissafin kuɗin a burauza ake yin sa. A cikin F12 ɗin dai, shiga Application, buɗe Local Storage. Sau da yawa za ka ga maɓalli mai suna persist:root, ragowar kuɗin tana ciki. Mayar da 500 ta koma 500000, ka sabunta shafin. Idan adadin ya canza a fuska kawai, sannan ya koma daidai ko aka ƙi cinikin, da sauƙi. Idan kuwa aka bar ka ka sayi datar naira 3,000 da asusun da ke da 500, to duk yaron da ya san wannan zai kwashe jarin da ka zuba wa dillalin da kake sarar data a wurinsa a dare ɗaya. Ka duba kuma abin da buƙatar sayen take ɗauke da shi. Kamata ya yi ta aika lambar tsarin data da lambar waya, uwar garke ta nemo farashi da kanta. In wayar ce ke aika farashi ana yarda da shi, za a sayi 10GB a naira ɗaya.

Sai maganar makullan sirri, wadda ta fi ba mu takaici, domin ko mai koyo ya san bai dace ba. A Paystack, kamfanin karɓar biyan kuɗi ta intanet, makullin da ya fara da pk_ an yi shi ne don ɓangaren kwastoma, amma wanda ya fara da sk_live_ uwar garke kaɗai ya kamata ta san shi. Danna Ctrl da Shift da F a cikin F12, ka nemi sk_ da kalmar Bearer. Kada a ruɗe ka da cewa "ai yana cikin .env", wato fayil ɗin ajiye makullai. Duk abin da sunansa ya fara da VITE_ ko NEXT_PUBLIC_ ko REACT_APP_ ana cusa shi ne cikin fayilolin da kowa ke saukewa. APK, wato manhajar Android, ma haka, fayil ne da ake warwarewa a karanta. Ka tambayi mai sayarwa yadda ake ƙara wa kwastoma kuɗi bayan ya biya. In ya ce burauza ce ke sanarwa, akwai ɓaraka. Uwar garke ce za ta tabbatar da biyan daga Paystack kai tsaye, ta duba sa hannun x-paystack-signature, ta gwada adadin, wanda a kwabo yake zuwa: naira 1,000 ita ce 100000. Wasu ma makullinsu suke bari a ciki, kuɗin kwastomominka su riƙa faɗawa asusunsu.

Gwaji na gaba na raunin intanet ne. A shafin Network ka rage saurin zuwa 3G, ka danna saye sau biyu da sauri. Ciniki ɗaya ya kamata ya fita, domin kowane ciniki yana da lambar shaidarsa da uwar garke ba za ta karɓa sau biyu ba. TanStack Query, in ba a canza saitinsa ba, yana sake gwada useQuery, wato hanyarsa ta ɗebo bayanai, sau 3 idan ta gaza, yana kuma sake kiranta duk lokacin da ka bar shafin ka dawo. Wannan daidai ne ga ɗebo bayanai. Amma wanda ya sa sayen data a useQuery maimakon useMutation, wadda aka yi don aika ciniki, ciniki ɗaya zai iya zama huɗu, asarar kuma a kanka. Bayan nan ka fita daga asusun ka shiga da wani. Kada ka ga ko layi ɗaya na bayanan na farko.

Kada ka biya kuɗin duka lokaci ɗaya. A ɗora manhajar a masaukin intanet (hosting) da kai ka saya, da sunan yankin (domain) da ke hannunka, a sa makullanka, a yi waɗannan gwaje-gwajen a gabanka, sannan ka cika sauran. Wanda ya ce ba zai ba ka adireshin gwaji ba don "kada a sace masa aiki", ka bar masa kayansa.

In kuwa ka riga ka saya, yau ɗin nan ka shiga asusunka na Paystack da na dillalin data ka sauya makullai, ka dakatar da karɓar kuɗin kwastomomi har wani masani ya duba uwar garken. Ka adana hirarku da rasit ɗin biya da lambar asusun da ka tura wa kuɗi, ka sanar da bankinka da wuri, sannan ka kai ƙorafi ga EFCC.